Langar Inna Delu

Muna cikin awon yara labarin ya iso. Ranar Alhamis ce, a ƙarshen daminar 1966, hantsi ya ɗaga. Wata mai tuyar ƙosai a bakin tashar mota ta faɗo cikin asibitin sha-ka-tafi, ba ɗankwali, takalmi ɗaya a ƙafa. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "An fara a tasha." Ba wanda ya tambaye ta me aka fara. An riga an yi rikicin farko a watan Mayu, kowa a Funtua ya san abin da take nufi.

Safiyar ba ta nuna komai ba. An yi yayyafi da asuba. Mijina Chukwuma, makaniki ne a tashar, ya sha shayinsa a tsaye. Ya ce kada in ajiye masa abincin rana, akwai wata babbar motar auduga da zai kwance wa inji. Ya shafa kan ɗanmu Obinna, wanda ke da wata tara, ya fita. Na jiƙa wake don dare. Na goya yaron, na kulle ɗaki, na tafi aiki.

Sunana Ngozi, amma a Funtua Ladi ake ce mini. A Sabon Gari aka haife ni. Iyayena 'yan ƙabilar Ibo ne, sayar da yadi ya kawo su arewa, kuma sun koma gabas bayan rikicin Mayu. Ni na zauna saboda mijina. Hausa ta riga Ibo zama a bakina. Don haka, da na gama firamare aka buɗe aikin madara a asibiti, aka ɗauke ni.

Madarar gari ce ta agaji, daga ƙasashen waje take zuwa cikin buhunan takarda. Ana ba yara masu tamowa, waɗanda ƙafafunsu suka kumbura, gashinsu ya yi ja. Da damina suka fi yawa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba. Ranakun kasuwa motar asibiti takan kai mu Bakori, ko Kafur, ko Dandume. Da farko mata ƙin karɓa suka yi. Aka ce madarar tana hana haihuwa. Aka ce ba a san dabbar da aka tatsa ba.

Inna Delu ce ta warware wannan. Ita ce ungozomar da ke aiki tare da mu. A hannunta aka haife ni, a hannunta na haifi Obinna. Sai ta dama madarar a gaban mata, ta cika ludayi, ta shanye, ta goge baki. Wata rana a Kafur wata ta ce, "Inna, ke ai kin gama haihuwa, me za ta hana ki?" Inna ta miƙo mini ludayin. Lokacin cikina ya tsufa. Ta ce, "To ga wadda ke sha kullum. Ku dubi gabanta, ku ce mini an hana." Aka yi dariya, aka miƙo kwanuka. Daga ranar ya zama dokarmu, ba ma ba ɗan kowa sai mun sha a gaban uwarsa. Litinin da Alhamis Inna takan yi azumi, sai ni kaɗai in sha.

Obinna kuwa "maigidana" take ce masa, irin wasan kaka da jika. Takan ce, "Wannan miji nawa ba cefane, sai ci."

Da mai ƙosan ta yi magana, iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Sikeli ya yi ta lilo ba kowa a kai. Malamin asibiti ya rufe tagogi. Na nufi ƙofa zan tafi tasha. Inna ta riƙe mini hannu, riƙon da bai sake ni ba sai da ya bar shaida. Ta kwance mini ɗaurin zane, ta sake ɗaura mini irin na Hausawa. Ta cire gicciyen da ke wuyana ta tura cikin lalitarta. Ta rufa mini gyalenta har kan goyon, ta ɗora mini ƙwarya a ka. Ta ce, "Sunkuyar da kai. In an yi magana ni zan amsa."

Muka fita. Ƙarar da na fara ji ta kwanon rufi ce, ana dukansa da itace. Sai fashewar gilashi. Sai ihu, wanda ke tashi ya yanke, ya sake tashi a wani wuri. Ba a fara harbi ba tukuna. Hayaƙi ya miƙe ta wajen Sabon Gari, daidai layinmu.

"Ku fito!"

"Ga wani can!"

"Tare shi! Tare shi ta nan!"

Ban ɗaga kai ba. Ƙafafu na gani, da bakin adda, da gora. Na ga buhun gishiri a fashe a tsakiyar hanya. Na ga hannun mutum ya fito daga kwata, da agogo a ɗaure. A wata kwana samari suka tare mu. Ɗaya ya ce, "Wace ce wannan?" Inna ta ce, "Ɗiyata ce. Kai Garba, ba ni na yanke maka cibiya ba? Kauce mini." Ƙafafun suka matsa.

Gidan Inna yana cikin gari. Ta sa ni a ɗakin ajiya, bayan buhunan gyaɗa. Ana kiran azahar aka fara jin bindiga daga nesa. Na toshe wa Obinna baki da nono. Ya tsotsa, ya saki, ya sake kamawa. A lokacin ban gane ruwan ne ke raguwa ba.

Kafin magariba ɗanta Sule ya shigo. Na leƙa ta ramin ƙofa. Keken ɗinki ne a kansa. Na san keken. Na maƙwabciyarmu ne a Sabon Gari, da koren fenti a mariƙinsa. Inna ta yi masa faɗa. Ya ce a kan hanya ya tsinta. Sai Obinna ya yi kuka.

Sule ya ce, "Wa ke cikin ɗakin nan?"

Inna ta ce, "Baƙuwa ce daga Kafur."

Sannan suka shiga zaure suka sassauta murya. Sun daɗe. Sau ɗaya na ji sunana. Ban ji abin da ya biyo baya ba.

Da Inna ta kawo mini tuwo bayan sallah, na zauna ina kallonsa. Wannan matar ce ta fara ɗaukata a duniya, amma hannuna ya ƙi shiga kwanon. Ta dube ni. Ta gutsuri loma ta ci, ta kurɓi ruwan da ta kawo, ta fita. Na ci.

Ranar Asabar da sassafe ta ce 'yan sanda suna tara waɗanda suka tsira a tashar jirgin ƙasa, za a kai su gabas. Ta ce in tashi. A ƙofar gida na tarar da Sule tsaye da gora. Shi ya shiga gaba. Duk tafiyar idona yana kan ƙeyarsa. Ban sani ba ko tsaronmu yake, ko kai mu yake wurin da aka shirya. Da muka hango shingen wayar tasha, ya tsaya, ya juya ya koma. Bai dube ni ba.

An zuba mutane a cikin rumfar da ake tara auduga da kewayenta. Wasu a kwance, ƙuda na bin su. A nan yayan mijina ya same ni. Dede muke ce masa, haka ake kiran babban wa a wajenmu. An ɗaure masa kai da singileti. Ya ce mini da Ibo, Chukwuma ba ya nan, kuma ba zai zo ba. Daga ƙarƙashin motar da yake gyara suka jawo shi. Matar Dede ma ba ta fita daga kantinsu ba. Ya faɗi wannan duka da murya ɗaya, kamar mai karanta sanarwa. Sannan ya dubi gyalen da ke kaina, ya daɗe yana duba.

Ya ce, "Wa ya ɓoye ki?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Me ya sa ke suka bari?"



A ranar nonona ya ɗauke gaba ɗaya. Ruwan sha daga tankin da ake cika wa jirgi ake ɗiba. Na ba Obinna. Kafin la'asar ya fara zawo.

Ranar Lahadi masu agaji suka zo da mota ɗaya, da farin ƙyalle a ɗaure a gabanta. Sun kawo burodi da garin rogo da bandeji. Akwai wata Baturiya nas da mataimaka biyu. Na kutsa na tambayi madara. Aka ce babu. An fasa ma'ajin asibitinmu, an yayyaga buhunan, garin ya watse a titi ruwan sama ya bi ta kai. Nas ɗin ta duba Obinna, ta ba shi ruwan sukari a cokali. Bayanta akwai mutum da hanjinsa a hannu. Ta tafi wurinsa. Ban ga laifinta ba.

Tsoro ya riga abincin shiga rumfar. Aka ce an zuba guba a rijiyoyin gari. Aka ce wani ya sayi lemo ta cikin waya ya sha ya mutu. Na ga mutumin, da sukan wuƙa a haƙarƙarinsa, amma ba wanda ya ambaci wannan. Aka tambayi wa ya gasa burodin. Wasu sai da suka jefa wa kare, suka jira, kafin su ci. 'Yan sandan kansu ba a yarda da su ba. In suka yi magana da juna, sai kowa ya kasa kunne, ko da wanda ba ya jin Hausa sosai.

Ni aka riƙa kira in yi tafinta tsakanin 'yan sanda da mutanenmu. Duk lokacin da na buɗe baki da Hausa, sai in ga idanu sun juyo. Matan da ke kusa da ni suka janye tabarminsu. Na cire gyalen na naɗe. Bai canza komai ba.

Litinin da safe Obinna ya daina kuka. Bakinsa kawai yake buɗewa. Idanunsa suka shige ciki.

Tsakanin azahar da la'asar wani ɗan sanda ya kira ni, ya ce wata tsohuwa tana nemana a bakin waya. Inna ce. Tana riƙe da langa fara mai jan baki, ta naɗe ta da tsumma don kada ta huce. Tun daga nesa ta fara.

"Ina maigidan nawa? Haka ake yi? Miji ya kama hanyar gabas ba ko sallama?"

Na juyo mata da shi. Dariyar ta bar fuskarta. Ta zuro yatsu ta cikin waya ta taɓa tsakiyar kansa. Ta ce, "Maɗigarsa ta faɗa. Tun yaushe yake zawo?" Na ce tun shekaranjiya. Ta ce ta yi zargin haka, domin ta ji irin ruwan da ake ba mu. Akwai sauran madara a gwangwani a ɗakinta, wadda ta ajiye wa wani yaro a unguwa. Ta turo mini langar ta ƙarƙashin waya.

Ta ce, "Na dama masa kunu mai ruwa-ruwa da ita. Na sa masa magani a ciki. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada ki gaji."

Na san maganin. Farar ƙwaya ce ta zawo da malamin asibiti ke bayarwa. Mukan daka ta mu zuba wa yara a kunu, don ba sa iya haɗiya. Na yi hakan da hannuna sau da yawa.

Ban san Dede yana bayana ba. Shekararsa takwas a Funtua, amma Hausarsa ta kanti ce. Abin da yake sayarwa maganin ɓera ne da maganin ƙwarin auduga. Kuma ya zauna cikin Hausawa har ya san abin da ake nufi in an ce an sa wa wane magani a abinci. Kalmar ɗaya ce. Ita ce ta warkarwa, ita ce ta kashewa.

Ya ce, "Magani."

Ya juya ya ɗaga murya da Ibo, "Ta ce ta sa magani a ciki! Da bakinta ta faɗa!"

Mutane suka miƙe. Na ce da Ibo na zawo ne, na asibiti ne, na san shi. Na faɗa da ƙarfi, na maimaita. Wata mata ta ce, "Ke ai tasu ce." Wani ya ce, "Ɗanta ya zo da keken ɗinkin wa?" Ni ce na ba Dede labarin keken, ranar Asabar, don ya tambaye ni duk abin da na gani.

Dede ya matso waya. Ya nuna langar, ya nuna Inna. Ya ce, "Sha! Kai sha, mu gani!"

Dokarmu ce ya tambaya, ba tare da ya sani ba. Da Talata ce, da ta ɗaga ta kurɓa an wuce wurin.

Inna ta ce, "Ɗan nan, azumi nake."

Haka kawai ta ce, kamar yadda za ta ce wa duk wanda ya miƙo mata goro ranar Litinin. Sai ta ga fuskokin. Na ga lokacin da ta gane. Ta zuro hannu ta ƙarƙashin waya da sauri, ta ce, "Miƙo, Ladi. Miƙo in sha."

Na sunkuya. Ƙafar Dede ta riga ni. Langar ta tashi, murfin ya gangara ƙarƙashin wani tarago da ke ajiye. Kunun ya malale a kan tsakuwa. Ina kallo ya shige tsakanin duwatsun.

"Ku koma baya!"

"Kowa ya zauna!"

"Tsohuwa, bar wurin nan!"

Ɗan sanda ya tura ta da kulki. Tana ja da baya tana cewa, "Gobe zan kawo wani! Ladi, kin ji? Gobe da safe!"

Na ɗauki langar. Akwai ɗan abin da ya manne a gindinta. Na kwaso da yatsa na sa wa Obinna a baki. Ya tsotsa. Na sake kwasowa har ba saura. Mutane suna kallo. Dede ya juya baya.

Jirgin bai jira gobe ba. Da magariba ya iso, taragun ɗaukar gyaɗa ne. Aka ce a shiga, aka shiga. Ba wurin miƙe ƙafa. Muka wuce Zariya, muka wuce Kaduna. A kowace tasha sai a yi tsit, a kwantar da kai, a jira a ji ko za a buɗe ƙofa. A wata tasha aka miƙo tulun ruwa ta taga. Ba wanda ya karɓa.

Obinna ya rasu bayan Kafanchan, kafin mu kai babban kogi. Da rana ne. Ina riƙe da shi a cinya, na ji ya yi nauyi. Na rufa masa gyalen Inna. Ban faɗa wa kowa ba sai da matar da ke gefena ta lura. Na ji ana raɗa a bayana, ana cewa abin da na lasa masa ne.

Jirgin ya tsaya a daji, ban san dalili ba. Dede ya karɓe shi daga hannuna, muka sauka. Ba fartanya, ba wuƙa. Ƙasar tana da laushi saboda ruwa. Da langar ya haƙa. Bakinta ya lanƙwashe, fentin ya ɓantare. Jirgin ya yi kuka kafin ramin ya yi zurfi. Muka tura ƙasa da hannu, na ɗora dutse, muka bi taragon da gudu. Wurin ba shi da suna. Akwai wata bishiyar ɗorawa daga hagu, shi ke nan abin da na riƙe.

Yaƙi ya same mu a gabas. Yunwar da na gani can ta fi ta kowace damina a Kafur. Buhunan takarda iri ɗaya aka riƙa kawowa, da rubutu iri ɗaya. Da masu agaji suka ji na san aikin, suka sa ni dama madara a wani sansanin ciyar da yara. Can ma aka yi ta cewa abokan gaba sun sa guba a madarar. Nakan cika cokali in sha a gaban iyaye kafin in ba ɗan kowa. Dede ya rasu a shekara ta biyu. Har ya mutu yana ganin ya yi ƙoƙarin ceton ɗan ƙaninsa, ni ce na ɓata. Ban yi jayayya da shi ba. Yaron nan shi kaɗai ya rage masa daga ƙaninsa.

Da aka gama yaƙi na dawo Funtua, don ban san wani gari ba. Wasu ne a ɗakinmu. Ba wanda ya iya nuna mini inda aka sa Chukwuma. Na tafi cikin gari da langar a jaka.

Sule na tarar a zaure yana ɗinki. Keken mai koren mariƙi ne. Ya gane ni, ya miƙe, ya kawo mini ruwa. Ya ce Inna ta rasu bara da rani. Ya ce ranar Talatar nan ta dama wani kunun, ta tafi tasha tun da sassafe, ta tarar da rumfa ba kowa. Ya ce takan tambayi duk wanda ya fito daga kudu ko ya ga wata Ladi da ɗa namiji. Sannan ya tambaye ni, "Ina maigidan nata? Ya kusa shiga makaranta ke nan."

Na ce ya rasu a hanya. Ya yi salati. Ban tambaye shi abin da suka tattauna a zauren nan ba. Bai faɗa ba. Na sha ruwan.

A garin nan ba a mayar da kwanon maƙwabci ba komai a ciki. Ko gyaɗa ce sai an zuba. Na zauna da jakar a cinyata ina tunanin abin da zan sa, da wanda zan ba. Da na tashi tafiya ban fito da ita ba.

Miji ɗaya, ɗa ɗaya, ban san kabarin ko ɗaya ba. Langar tana nan a kan kabad ɗina, ba murfi. Har yau ban mayar ba.